Kafin a biya mai lesin ko a sayi kalkuleta

Wasiƙun wannan makon duk a kan lissafi suka taru, kamar an haɗa baki. Ga huɗu daga ciki.

Malam, ɗana yana ajin ƙarshe na sakandare, injiniya yake son karantawa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya ce kalkulas ne ya tsaya masa a wuya. Wani mai lesin ya ce zai koya masa shi kaɗai cikin wata biyu, amma kuɗin sai na taɓa adashina. In biya? Wata uwa daga Funtuwa.

Hajiya, bar adashinki tukuna. Yau bayan sallar isha'i ki ba yaron takarda da biro, ki ce ya buɗe miki (x + 3)². Idan ya rubuta x² + 6x + 9, madalla. Idan kuwa x² + 9 ya rubuta, kin gano inda gizo ke saƙa. Ba sai kin iya lissafin boko za ki kama shi ba: ki ce ya sa 1 a madadin x. Huɗu sau huɗu sha shida ne, tasa amsar kuwa goma za ta bayar. Daga nan ki tambaye shi rabi da sulusi nawa ke nan. Amsar 5/6 ce. Na sha ganin ɗan ajin ƙarshe ya rubuta 2/5 gabansa gaɗi, bai lura abin da ya samu bai ma kai rabin da ya fara da shi ba.

Yawancin yaran da ke kukan kalkulas, wato reshen lissafin da ke auna yadda abubuwa ke canjawa, ba shi ne ciwonsu ba. Aljabra ce ta aji ɗaya da aji biyu ba ta zauna ba, sai dai a kalkulas ne asirin ke tonuwa, shi ya sa ake ɗora masa laifin. Dubi wannan. Kina da waya mai tsawon mita 40, za ki killace wa awaki wuri a jikin katangar gida, kina son fili mafi girma. Katanga ta tare gefe ɗaya, saura uku. Idan faɗin wurin x ne, tsawonsa 40 − 2x ke nan, girman filin kuma 40x − 2x². Aikin kalkulas a nan layi ɗaya ne tak: ya mayar da wannan 40 − 4x, a daidaita shi da sifili. Sai x ya fito 10, wato mita 10 a faɗi, 20 a tsawo, fili murabba'in mita 200. Ƙa'idar wannan layin a yammaci ɗaya ake koyonta. Amma juya zancen awaki ya koma haruffa, da buɗe baka irin ta (x + 3)², da kai lamba ɗaya gefen ba tare da an manta da alamarta ba, duk aljabra ce, kuma a nan maki ke zubewa.

Ki kuma duba nauyin abin. Mai neman injiniya darussa huɗu zai rubuta a JAMB: Turanci, lissafi, fizik da kemistiri. Manhajar lissafin kuma kashi biyar ce: lambobi, aljabra, jometiri haɗe da tirigonometiri, kalkulas, sai ƙididdiga. Zuba adashi a kashi ɗaya na darasi ɗaya bai yi mini tsari ba.

In ya ci gwajin nan biyu, wani ɗalibin jami'a a unguwarku zai iya nuna masa kalkulas ɗin JAMB cikin 'yan makonni da ɗan abin da ya sawwaƙa. In ya faɗi, mai lesin ake nema, amma wanda zai yarda ya koma da shi baya. Ki sa yayansa ko kawunsa ya zauna a darasi guda ya ga a hannun wa alli ya fi daɗewa. Malamin da ke cika allo da kyakkyawan rubutu yara suna kwafa, kansa yake wasawa. Ki tambaya ko yana ba da aikin gida, yana kuma duba shi da jan biro layi-layi. Biya kuwa wata-wata, kada ki ba da na gaba ɗaya. Wanda duk ya fara yi miki zancen yana da hanya a cibiyar jarrabawa, ki tashi ki ba shi wuri, don sakamakon ɗanki za a riƙe, shi kuwa ya kashe waya.

Malam, abokaina sun ce in sayi kalkuletar Casio fx-991 saboda tana warware komai. Ta fi ƙaramar, wato fx-82, tsada sosai. Ta cancanci kuɗin? Wani ɗalibi daga Kano.

Ɗana, don JAMB ko kusa. Ba a shiga ɗakin da kalkuleta, wata 'yar ƙarama ce a fuskar kwamfuta za ka samu, ta tarawa da ɗebewa da makamantansu. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Raba ka gani: daƙiƙa 40 kowace tambaya. Wanda ya saba sai ya danna kafin ya san 13 sau 13, lokaci zai ƙare masa yana lalube. Ka haddace murabba'in lambobi har zuwa 25, ka san sin 30 rabi ne, tan 45 ɗaya ne, √2 kusan 1.414, √3 kusan 1.732. Ka koyi gajerun hanyoyi na halal: a 2x² − 7x + 3 = 0, jimillar amsoshin 7/2 ce, in an ninka su kuma 3/2, don haka da ka hango 3 da 1/2 cikin zaɓin ka gama.

WAEC da NECO kam ana amfani da kalkuleta irin wadda ba a loda mata bayanai, kuma fx-82 ta ishe ka. Babbar za ta yi maka rana in ka shiga jami'a, ka bari sai lokacin. Jabu sun yi yawa a kasuwa, ka gwada kowane maɓalli a gaban mai shago. In ka danna sin 30 ka ga −0.988, ba lalacewa ta yi ba, ma'aunin kusurwarta ne ke kan radiyan, ka mayar da shi digiri. Wannan ɗan abu ya sha kayar da masu ƙoƙari.

Malam, makarantarmu ba malamin Further Maths, wato zurfafan lissafi, ni kuma kimiyyar kwamfuta nake so. In yi rajistarsa a WAEC in karanta da kaina? Wane littafi zan saya? Wata ɗaliba daga Birnin Kebbi.

'Yata, raba abu biyu: karanta shi daban, rubuta jarrabawarsa daban. JAMB ba ta da takarda ta musamman a kansa, lissafi ɗaya kowa ke rubutawa. Abin da jami'o'i suka saba nema shi ne kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Duk da haka ki buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB ki karanta sharaɗin jami'ar da kike so da idonki, kada ki dogara da an ce. In ba su nema ba, ban ga dalilin ɗora wa kanki jarrabawar da ba mai duba miki aiki ba.

Karatunsa kuwa ki yi, don lissafin shekarar farko a jami'a kusan shi ne aka faɗaɗa, ana kuma gudu da shi a aji mai ɗaruruwan mutane. Wadda ta taɓa ganinsa tana bin malami, wadda ba ta taɓa ba tana kwafa kawai.

Batun littafi, ki fara da New General Mathematics na ɗaya zuwa na uku, ki yi aikin ƙarshen kowane babi, ba karantawa kamar labari ba. Na hannu ya wadatar, lissafi ba ya tsufa, ki dai duba ba a yage shafukan amsa na baya ba. Sai kin gama da su za ki nemi littafin zurfafan lissafi guda ɗaya, ba uku ba. Kundin tambayoyin shekarun baya ma ki saya, amma da hattara. Akwai ranar da wata ɗalibata ta zo ido ya yi ja, ta kwana tana maimaita tambaya ɗaya amsarta ta ƙi dacewa da ta bayan kundin. Muka zauna muka bi layi-layi, ashe ita ce da gaskiya, masu bugawa ne suka yi kuskure. In kun saɓa da kundi, mayar da amsarki cikin tambayar ki ga ko ta zauna, sannan ki mayar da tasu.

Malam, na haddace ƙa'idojin jometiri kaf, amma da na ga tambaya sai kaina ya ɗaure. Akwai manhajar waya da zan saya? Wani ɗalibi daga Azare.

Sayi akwatin kayan zane da fensir mai tsini, sun fi araha. Zana da'ira babba, ka sa ɗigo biyu a bakinta, ka ja layi daga kowanne zuwa tsakiya, ka kuma ja daga kowanne zuwa wani ɗigo na uku can sama a bakin da'irar. Auna kusurwoyin biyu. Ta tsakiya ninki biyu ce ta ta bakin. Matsar da ɗigo na ukun kaɗan ka sake aunawa, ba za ta canja ba. Yi haka sau biyar da hannunka. Kowace tambaya kuma ka sake zana hotonta da girma, ka rubuta duk abin da aka ba ka a jikinsa kafin ka fara tunanin wace ƙa'ida ce.

In ana aza harsashin gini a unguwarku, je ka tsaya wajen magina. Za ka iya ganin sun auna uku a igiya ɗaya, huɗu a ɗayar, suna gyara turaku har tsakanin ya cika biyar daidai, sannan su yarda kusurwar ɗakin ta miƙe. Ka tambayi babbansu me zai auna in ya ninka zuwa shida da takwas, ka lissafa taka amsar kafin ya buɗe baki.