Filin Kiwo: Salwar da aka yage wa kai, da waɗanda aka bari da yunwa

Tambaya daga wata Hajiya a Aboabo, Kumasi: "Assalamu alaikum. Ina da salwa goma sha biyu a keji ɗaya, maza biyar, mata bakwai. Da asuba na tarar an yage wa mace ɗaya fatar kai har ƙashi ya bayyana, ta takure a lungu ido a rufe. Maƙwabta sun ce in shafa mata man ja, wasu sun ce in yanka kawai. Anya za ta rayu?"

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki yi saurin ɗauko wuƙa. Muddin ƙoƙon kan bai fashe ba, kuma tana iya tsayuwa da ƙafafunta, irin wannan rauni yakan warke, duk da munin ganinsa.

Fara da raba ta da sauran, domin salwa in ta ga ja ba ta daina sara. Ki samo kwali, ki huda masa ƙofofin iska, ki shimfiɗa tsohon tawul, ki ajiye ta a ɗaki mai ɗumi da duhu-duhu. Idan jini na zuba, danna wurin a hankali da tsumma mai tsabta na minti biyu zuwa uku, ba tare da kina ɗagawa kina leƙe ba. Sai ki bar ta ta huta kamar awa guda kafin wanki, don firgici kaɗai yana kashe tsuntsu mai ƙaramin jiki irin wannan.

Ruwan wankin kuwa, ki tafasa rabin lita, ki zuba gishiri cokalin shayi ɗaya, ki bari ya huce. Ki riƙa ɗiga shi a kan raunin da sirinji marar allura, kanta a ɗan sunkuye don kada ruwan ya shiga hanci. Bayan nan ki sirka aidin da ruwa har launinsa ya koma kamar shayin da bai ji ganye ba, ki ɗan shafa da auduga, kina kauce wa ido. Sau biyu a rana na kwana uku, daga nan sau ɗaya. Man ja da man kaɗe ki bar su a kicin: suna manne gashi, suna tara ƙura, suna kiran tururuwa. Baƙin mai na mota da wasu ke shafa wa dabba guba ne. Haka ma maganin ciwon jiki na mutane, kada ya kusance ta.

Da damina babban abin tsoro shi ne ƙuda. In ya zauna a raunin, kafin kwana guda tsutsa ta fito, don haka ki rufe bakin kwalin da ƙyallen gidan sauro. Idan ba ta sha da kanta, narka sukari cokalin shayi ɗaya a kofin ruwa, ki tsoma ƙarshen bakinta kaɗai ki bari ta haɗiye. Kada ki buɗe bakin ki ɗura, domin ƙofar numfashinta tana nan a gindin harshe, ruwan zai wuce huhu. Abinci kuwa dafaffen ƙwai da aka marmasa, a cakuɗa da abincinta na kullum. Ɓawo zai rufe wurin, kada ki ɓamɓare shi. A ƙarƙashinsa sabuwar fata take tafiya, cikin mako biyu zuwa uku. In kin ji wari, ko kin ga mugunya, ko kanta ya karkace tana juyi, sai likitan dabbobi.

Amma Hajiya, asalin matsalar tana cikin lissafinki. Namiji yana kama gashin ƙeyar mace da baki ne in zai hau ta, to maza biyar a kan mata bakwai ai sun yi mata yawa. Namiji ɗaya ya ishi mata huɗu zuwa biyar. Ki bar biyu a keji daban-daban da matansu, ki fitar da uku. In ƙwan ci kawai kike so, ba ki bukatar namiji ko ɗaya.

Tambaya daga wani Malam a Asawase: "Wani ɗan'uwana ya yi tafiya ya bar mini salwa talatin. Sun rame, bayansu ba gashi, idanunsu na hawaye, yatsunsu sun yi dunƙulen kashi, ƙwai kuma babu. Dusa da tsakin masara yake ba su. Daga ina zan fara?"

Malam, ɗauki ɗaya ka shafa ƙirjinta. In ka ji ƙashin tsakiya ya fito kamar bayan wuƙa, babu tsoka dama da hagu, yunwa ce, ko da kwanon a cike yake. Dusa da masara suna cika ciki ne kawai. Salwa mai ƙwai tana bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan kashi 20 cikin 100, masara kuwa ba ta kai kashi 10 ba. Ka sayi abincin 'yan tsakin kajin nama, wanda masu shago ke kira sitata, ka ba su na mako biyu zuwa uku. Kowace tana cin giram 20 zuwa 25 a rana, wato talatin ɗin nan za su ci kusan giram 750. Ka ajiye musu dakakken ɓawon kawa, ko ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka, a wani kwano daban. Rashinsa ne ke sa ƙwai mai laushin ɓawo ya maƙale wa mace. Kuma kada ka sayi abincin da ya wuce na mako uku, domin laimar Kumasi tana sa shi fumfuna, fumfuna kuwa tana lalata hanta.

Hawayen nan, durƙusa ka kai hancinka daidai kansu. In warin kashinsu ya sa ka kau da kai, shi ke ƙona musu ido da maƙogwaro dare da rana. A kwashe kashin kullum, a buɗe wa iska hanya. Dunƙulen yatsu kada ka fizge shi, zai taho da farce. Tsayar da ita a ruwan ɗumi mai zurfin santimita 2 na minti goma, ya jiƙa, ka murje da yatsa, ka tsane ƙafar. Ka duba tafin. In akwai kumburi mai baƙin ɗigo a tsakiya, wayar keji ce ta huda shi, sai ka sa katako ko tabarma a wani sashe inda za su riƙa hutar da ƙafa.

Raba su gida uku, goma-goma, kowane keji mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Sa musu kwanon busasshen yashi da ɗan tokar itace su yi birgima, yana rage musu ƙwarƙwata, yana kuma ɗauke hankalinsu daga saran juna. Gashi zai fara tsirowa kafin ƙwai ya dawo, ka yi haƙuri da su mako uku zuwa shida. Hasken ranarmu awa 12 ne, su kuma suna son 14 zuwa 16, saboda haka ka kunna ƙaramar fitila marar ƙarfi bayan magariba zuwa ƙarfe tara.

Wani matashi daga Sabon Zango ya ce yakan wayi gari ya tarar da salwarsa ɗaya ta mutu, jini a tsakar kanta, alhali lafiya ta kwana.

Auna tsayin kejinka, ɗan'uwa. Salwa in ta firgita, ko da kyanwa ce ta gifta ko ɓera, sama take zabura kai tsaye. A keji mai tsayin rabin mita zuwa mita ɗaya takan samu ƙarfin da za ta fasa kai ko ta karya wuya. Ka rage rufin zuwa santimita 25, ko ka ɗaure raga mai laushi ko soso a ƙarƙashinsa, ka kuma lulluɓe gefen kejin da buhu da dare. Amma in da yawa suka mutu lokaci ɗaya ba rauni a jikinsu, kada ka ci, kada ka sayar, kada ka taɓa su da hannu tsirara. Ghana ta sha fama da murar tsuntsaye a 2007 da 2015 da 2021. Ka sanar da ofishin likitocin dabbobi na gundumarku a ranar, ka hana yara da kajin gida zuwa wurin har jami'an su iso.