Na Sayar da Motata, Amma Tara Tana Biyo Ni

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a Tudun Wada, Zariya. A farkon bara na sayar da motata, Toyota Corolla 'yar Kwatano mai lambar Legas, ga wani bawan Allah da dillali ya kawo mini daga Sabon Gari. Mun yi cinikin a ƙofar gidana bayan sallar la'asar a gaban maƙwabtana biyu, ya tura mini kuɗin ta banki, na ba dillali la'adarsa, na miƙa makulli da takardun motar gaba ɗaya. Ba mu rubuta komai ba, domin dillalin sananne ne, kuma mai sayen ya yi alkawarin zai sauya suna a cikin makon. Kwanan nan sai ga saƙo a wayata cewa na'urar ɗaukar hoto ta kama motar tana yawo a Legas da lasisin mota da wa'adinsa ya ƙare, an kuma ci ni tarar naira 20,000. Na kira mai sayen, ya ce ai shi ma ya sayar wa wani, daga nan ya daina ɗaukar wayata. Wasu abokaina sun ce in share tunda Legas ba nan kusa ba ce, wasu kuma sun ce in biya in huta. Wace shawara za ka ba ni?

Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarwarin abokan naka duka biyu ba za su fisshe ka ba, domin dukansu a kan kuɗin tarar suka tsaya, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya kamata ya hana ka barci shi ne, akwai wata mota da ke yawo a hannun mutumin da ba ka taɓa gani ba, a garin da ba ka zaune, kuma a kundin gwamnati har yau sunanka, adireshinka da lambar wayarka ne a kanta. Yau tarar lasisi ce ta zo. Idan gobe motar ta buge wani ta gudu, ko aka tsince ta a wurin da aka aikata fashi, ƙofar gidanka za a fara ƙwanƙwasawa, kuma kai ne za ka zauna kana yi wa jami'an tsaro bayanin cinikin da babu ko layi ɗaya a rubuce a kansa.

Ciniki dai ya tabbata tsakaninku tun ranar da ka sallama, ya biya, ka miƙa makulli, kuma rashin rubutu bai ɓata shi ba, ko a shari'ar Musulunci ko a dokar ƙasa. Saboda haka laifin hawa hanya da lasisin da ya ƙare yana wuyan wanda ya mallaki motar yake kuma amfani da ita a ranar da aka ɗauki hoton. Sai dai na'urar ba ta san an yi ciniki a Tudun Wada ba. Lambar mota kawai take karantawa, ta duba kundin rajista, ta aika saƙo ga wayar da ta tarar a wurin. A nan ne kuma kai ma kake da naka kason sakacin, domin ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa na shekarar 2012 sun ɗora wa tsohon mai mota da sabon mai ita nauyin sanar da hukumar rajista cewa mota ta sauya hannu, a cikin kwana 30 daga ranar cinikin. Yawancin masu sayar da mota suna ɗauka cewa wannan aikin mai saye ne shi kaɗai, shi kuma mai saye ba ya gaggawa, tunda sauya suna kuɗi zai ci masa, kuma takardun da ke hannunsa suna wuce da shi shingen bincike lafiya lau. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta sha jan kunnen masu sayar da motoci da kada su bar wa mai saye lambarsu, domin a tsarin lambobin da aka shigo da shi a 2011 lamba tana ɗaure ne da sunan mai ita.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka tabbatar da cewa saƙon na gaskiya ne, domin 'yan damfara ma sun iya rubuta irinsa. Kada ka latsa wani adireshin intanet da aka liƙa a cikin saƙon, kada kuma ka tura kuɗi asusun da ke ɗauke da sunan wani mutum. Tarar gwamnati tana zuwa da lambar shaidar biya, da ranar da aka yi laifin da wurin da aka yi shi, kuma asusun gwamnati take shiga. Ka nemi shafin intanet na hukumar da aka ce ta ci tarar da kanka, ko ka sa wani ɗan'uwa da ke Agege ko Idi-Araba ya je ofishinsu da lambar motar ya tambaya. Ka kuma lura da cewa tarar jiha daban take da ta tarayya: a dokar da ta kafa FRSC ta shekarar 2007, tarar rashin lasisin mota naira 3,000 ce, amma kowace jiha tana da nata dokar da nata farashin. Sanin hukumar da ta ci tarar shi zai nuna maka inda za ka kai kokenka.

Idan saƙon ya tabbata, aikin da ke gabanka shi ne kafa hujjar ranar da motar ta bar hannunka, kuma kana da hujja fiye da yadda kake zato. Ka je bankinka ka karɓi takardar bayanin asusunka ta watan da aka yi cinikin, wadda aka buga wa hatimi, domin a cikinta za a ga ranar da kuɗin suka shigo, adadinsu, da cikakken sunan wanda ya turo. Wannan ta fi hoton saƙon banki da ke cikin waya ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka duba wayarka ko akwai hirar WhatsApp da kuka yi da mai sayen ko da dillalin, ko hotunan motar da ka aika musu, ka buga su a takarda. Daga nan ka nemi maƙwabtan nan biyu da dillalin, ku je babbar kotun jiha da ke nan Zariya, ka yi takardar rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa. A cikinta ka ambaci ƙirar motar, launinta, lambarta, lambar shasi da ta inji idan kana da kwafin tsofaffin takardunka, da ranar cinikin, farashin, sunan mai saye da lambar wayarsa, da sunayen shaidu. Idan shaidun za su yarda kowannensu ya yi tasa rantsuwar, hakan ya fi.

A nan akwai wasu dabaru biyu da na san za a kawo maka, kuma ina roƙonka ka guje musu. Ta farko ita ce a rubuta takardar ciniki yau a sa mata kwanan watan bara. Wannan ƙirƙirar takardar bogi ce, kuma idan aka gano, za ta rusa hujjarka ta gaskiya, ta kuma jawo maka tuhumar da ta fi tarar muni. Abin da ya halatta shi ne a rubuta takarda da kwanan watan yau, wadda a cikinta ɓangarorin biyu suka tabbatar da cewa an yi cinikin a rana kaza ta bara. Ta biyu ita ce a ce ka je wurin 'yan sanda ka ce an sace motar domin a kamo mai ita. Ba a sace ta ba, da hannunka ka sayar, kuma bai wa hukuma rahoton ƙarya laifi ne, ban da zaluncin da za a yi wa wanda ya sayi motar da kuɗinsa na halal. Ka je wurin 'yan sanda, amma da gaskiyar magana: ka ba da rahoton cewa ka sayar da mota kaza a rana kaza, mai saye bai sauya suna ba, kuma ka nemi a ba ka kwafin rahoton.

Da waɗannan takardu a hannu, sai ka rubuta wasiƙa zuwa ga hukumar da ta ci tarar, ka ambaci lambar shaidar tarar, ka bayyana cewa motar ta fita daga mallakarka tun kafin ranar laifin, ka nemi a cire tarar daga sunanka. Wasiƙa ta biyu kuma ta je hukumar rajistar motoci ta jihar da ta ba da lambar, wato Legas, domin a can kundin yake, tana sanar da su sauyin mallaka, tare da neman a cire lambar wayarka da adireshinka. Ka kai kwafi ofishin FRSC na Zariya, tunda hukumar ce ke riƙe da rumbun bayanan lambobin motoci na ƙasa baki ɗaya. Duk inda aka kai wasiƙa, a tafi da kwafi biyu, a sa ma'aikacin da ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya a dawo maka da ita. Wannan kwafin mai hatimi shi ne garkuwarka idan wani abu ya taso daga baya, ko da hukumar ta yi jan ƙafa wajen gyara kundinta. Takardar tara sanarwa ce ta zargin laifi, kuma sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar a saurare shi kafin a yanke masa hukunci, saboda haka neman a sake duba lamarin haƙƙinka ne.

Game da mai sayen da ya daina ɗaukar waya, ni a ganina ta hannun dillali za ka fi saurin samunsa. Dillali da mutuncinsa yake cin abinci, kuma wanda ya karɓi la'ada bai kamata ya zame ba idan ciniki ya haifar da rigima. Ka same shi cikin girmamawa, in ya yiwu tare da wani dattijo na unguwa, ka nuna masa saƙon, ka ce abu biyu kake so: mai sayen ya sa hannu a takardar tabbatar da ciniki, kuma ya ba ka suna da lambar wayar wanda ya sayar wa. Idan dillalin yana cikin ƙungiyar masu sayar da motoci, shugabanninsu kan warware irin wannan a zama ɗaya. Idan duk wannan ya ci tura, wasiƙar lauya takan sa mai taurin kai ya ɗauki waya, bayanta kuma sai kotu, ta majistare ko ta shari'ar Musulunci.

To, idan hukumar ta ƙi janye tarar fa, bisa hujjar cewa ba ka sanar da ita a kan lokaci ba? A nan sai ka auna. Naira 20,000 ba ta kai kuɗin motar zuwa Legas da dawowa ba, balle kuɗin lauya, kuma ba zan ga laifinka ba idan ka biya. Amma ka biya bayan ka shigar da sanarwar sauyin mallaka, ka adana rasit, ka nemi mai sayen ya mayar maka da kuɗinka. Wanda ya biya tun farko bai gyara kundi ba, ya zama kamar mai kwashe ruwa a ɗakin da rufinsa ke yoyo, domin muddin motar tana bi ta gaban na'urar da lasisin da ya mutu, wani saƙon zai sake zuwa. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka a rubuce cewa motar ta bar hannunka, idan akwai sauran wata yarjejeniya da sunanka a kanta.

Ga sauran masu karatu da ke shirin sayar da mota, aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da rubuta bashi, ita ce kuma ta ce a kafa shaidu idan an yi ciniki. Ku rubuta yarjejeniya kwafi biyu da sa hannun shaidu, ku karɓi kwafin katin shaidar ɗan ƙasa na mai saye da hotonsa, ku ɗauki kwafin kowace takarda kafin ku miƙa ta, kuma ku tafi tare da shi ofishin rajistar motoci a ranar, ko ku cire lambarku kafin motar ta bar ƙofar gida.

TAMBAYA

Malam, ni kuma tawa matsalar ta mai saye ce. Na sayi mota a hannun wani, da na je sabunta takardu sai aka ce akwai tarar da ba a biya ba tun kafin in saya, kuma ba za a sabunta ba sai an biya. Wa ya kamata ya biya?

Daga wata mai karatu, Samaru, Zariya.

AMSA

Malama, laifin da aka yi kafin ranar cinikinku na tsohon mai motar ne, kuma shi ya kamata ya biya, sai fa idan kun yi yarjejeniyar cewa kin sayi motar da duk abin da ke kanta. Amma tunda tarar tana liƙe da lambar motar, ke ce za ta tsayar wa aiki, kuma hawa hanya da takardun da suka ƙare zai jawo miki wata sabuwar tarar da ke ce za ki ɗauka. Ki nemi ofishin ya buga miki bayanin tarar mai ɗauke da ranar laifin, ki kai wa wanda ya sayar miki tare da takardar cinikinku, ki ba shi ɗan wa'adi. Idan ya ja ƙafa, ki biya ki karɓi rasit, ki bi shi bashin ta hannun dillali ko shaidunku. A zuwan nan da za ki yi, ki sauya sunan mallakar gaba ɗaya zuwa naki, ki kuma yanki sabuwar inshora da sunanki, wadda mafi ƙarancinta ga motar gida naira 15,000 ce tun daga watan Janairun 2023.