Ga mai tambaya kan zuwa kallon besbol a filin Yankees

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka: abokin aikinka ya ba ka tikitin wasan Yankees, ƙungiyar besbol ta New York, kai kuma ba ka san kan besbol ba, kana gudun ka je ka yi ta hamma, ga kuma batun sallah da abinci. Shawarata ka je. Na daɗe a Bronx, yankin New York da filin yake, kuma filin nan yana cikin wuraren da suka sa na saba da garin nan. Amma ka bar idon kallon ƙwallon ƙafa a gida, don idan ka tafi da shi za ka ce babu abin da ke faruwa.

Wasan gaba ɗaya yana tsakanin mutum biyu ne, mai jifa da mai bugu. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai mita 19 ba, ƙwallon kuma tana iya zuwa da gudun da ya wuce kilomita 150 a awa, wato kafin rabin daƙiƙa ta cika ta iso. A wannan ɗan lokacin mai bugu zai gane ko miƙaƙƙiya ce ko mai lanƙwasa, ko ya kai mata sanda ko ya ƙyale ta. Shi ya sa wanda yake dacewa sau 3 cikin 10 ana lissafa shi cikin gwanaye. Idan ka taɓa tsayawa a filin dambe ka ga yadda 'yan dambe biyu suke zagaya juna, kowa na karantar ɗan'uwansa kafin a kai hannu, to ka riga ka san yadda ake kallon wannan wasan. Shirun da ke tsakanin jifa da jifa cike yake da lissafi.

Dokokin da za su ishe ka a daren farko ba su da yawa. Idan mai bugu ya rasa jifa uku, ko ya kai sanda bai samu ba ko ya ƙyale mai kyau ta wuce, ya fita. Idan mai jifa ya yi jifa huɗu a wajen gurbin da aka ƙayyade, mai bugu ya wuce tasha ta farko a kyauta. Tashoshi uku ne, sai gida. Duk wanda ya zagayo ya taka gida an ci maki ɗaya. Aka fitar da mutum uku, sai a yi musanya, masu tsaro su koma bugu. Zagaye tara ake yi, kuma babu canjaras, in an yi kunnen doki sai a ƙara. Ka riƙa duba babban allo, yana nuna lissafin jifa da yawan waɗanda suka fita. Sauran kuwa ka tambayi na kusa da kai. Mutanen New York ba su da yawan sakin fuska a jirgin ƙasa, amma a filin nan dattijo zai juyo ya yi maka bayani kamar ɗansa.

Bari in ba ka labarin daren da ya kama ni. Ranar 20 ga Satumba, 2022, Yankees na wasa da Pirates na Pittsburgh. Aaron Judge, dogon nan mai lamba 99, yana da hom ron 59 a kakar, wato bugun da ke tsallake katanga ya ba mutum damar zagayowa gida ba gudu. Babe Ruth ya yi 60 a 1927, Roger Maris ya yi 61 a 1961, dukkansu kuma 'yan Yankees ne. Duk lokacin da Judge ya fito da sandarsa, filin gaba ɗaya sai ya miƙe tsaye, kowa ya ɗaga waya. Da mai jifa ya ɗaga ƙafa, sai dubban mutanen nan su yi tsit, har kana jin ƙarar ƙwallon ta faɗa cikin safar hannun mai cafewa. Ban taɓa jin taro mai girma haka ya yi shiru lokaci guda ba.

Aka kai zagaye na tara, Yankees na baya da 8 da 4. Wasu a layinmu sun riga sun tattara sun tafi don su riga cunkoso. Judge ne ya fara bugu. Sautin sandar kawai ya isa, tun kafin ƙwallon ta sauka a kujerun hagu an san ta tafi. Na 60 ke nan. Wani tsoho da ke gabana, da 'yar takarda da fensir yana rubuta kowane bugu tun farkon wasa, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa. Mu da ba mu san juna ba muka rungumi juna. Kuma ba a gama ba: mutum uku suka cika tashoshi, Giancarlo Stanton ya zo ya tsallake katanga da ita, maki huɗu a bugu ɗaya, aka tashi 9 da 8. Wallahi sai da muryata ta dushe. Daga baya Judge ya yi na 61 a Toronto, na 62 a Texas ranar 4 ga Oktoba. Saboda wannan daren nake gaya wa kowa kada ya tashi kafin a fitar da mutum na ƙarshe. Wasan ba agogo ne ke ƙare shi ba, muddin akwai sauran mai bugu to akwai sauran magana.

Ba kowane dare ne haka ba, in gaya maka gaskiya. Kowace ƙungiya na buga wasa 162 a kaka, 81 a gida, don haka da yawa wasanni ne na zama da hira da cin gyaɗa. Ni wannan ma ina son sa. Tun 2023 kuma da aka sa wa mai jifa agogon ƙidayar daƙiƙoƙi, wasan ya ragu, yawanci bai cika kai awa uku ba.

Ka je da wuri. Jirgin ƙasa mai lamba 4, ko B ko D, zai sauke ka a titi na 161, filin na gabanka. Kada ka wahalar da kanka da mota. Idan ka shiga, ka nemi Monument Park a bayan tsakiyar fili, ana rufe shi minti 45 kafin a fara. A nan aka jera lambobin da aka daina ba kowa: 3 ta Ruth, 4 ta Lou Gehrig, 2 ta Derek Jeter. Ka tsaya a kan 42. Lambar Jackie Robinson ce, baƙar fata na farko da ya karya wariyar launi a babbar gasar besbol ta Amurka a 1947 da ƙungiyar Dodgers ta Brooklyn, ya sha zagi da barazana bai janye ba. A 1997 aka ajiye lambarsa a dukkan ƙungiyoyi, Mariano Rivera na Yankees ne na ƙarshe da ya sa ta har ya yi ritaya a 2013. Duk baƙin mutum da ke cin abinci a ƙasar nan ya kamata ya san wannan sunan.

Da an fara, ka saurari kujerun bayan fili na dama. Magoya bayan da ke can suna kiran sunan 'yan wasansu ɗaya bayan ɗaya da tafi, ba sa barin mutum sai ya juyo ya ɗaga musu hannu. Akwai daɗi, amma bakinsu ba linzami, in da yara ne gara kujerun sama, inda ake ganin fili duka.

Batun sallah, wannan sai ka shirya. Wasan dare yakan fara wajen bakwai da minti biyar, a watan Yuni da Yuli kuma magariba na kai takwas da rabi, wato tsakiyar wasa, kuma in ka fita ba a sake shiga da tikitin. Ka je da alwala, ka sa 'yar dardumarka mai naɗewa a aljihu. Ni nakan hau bene na sama in nemi kusurwar da ba a wucewa, in sanar da ma'aikacin da ke wurin, in yi sallata. Ba a taɓa hana ni ba. Giya kuwa za ka gan ta ko'ina, wani lokaci har a miƙo maka kofin wani ka wuce da shi layi. Ka ce a'a da murmushi, ba wanda zai damu. Ka ci abincinka a gida ko a gidajen abincinmu na unguwa kafin ka shiga, ka riƙe ruwan gora da ba a buɗe ba. Ba sa karɓar tsabar kuɗi a ciki, sai kati ko waya, tikitin ma a waya yake, don haka ka yi caji sosai. In wasan na Afrilu ne ko Satumba ka ɗauki rigar sanyi. Kuma idan ƙwallo ta fallo cikin 'yan kallo ka cafe, taka ce, amma in akwai yaro kusa da kai shi ake miƙa wa.