Daga Salsiyos zuwa Farenhait: ina 9/5 da 32 suka samo asali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu na babbar sakandare a Daura. An ba mu fomular mayar da Salsiyos zuwa Farenhait mu haddace, amma da na zauna jarrabawa sai in rikice: 9/5 ne ko 5/9, a ƙara 32 ko a cire? Akwai hanyar da zan fito da ita da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Akwai, kuma ta fi haddar sauƙi. Abu biyu kawai za ki riƙe: ruwa yana daskarewa a digiri 0 na Salsiyos, wato 32 na Farenhait, yana kuma tafasa a 100, wato 212.

Kowane ma'auni tazarar digirinsa ɗaya ce daga ƙasa har sama. Saboda haka in kika zana Salsiyos (C) a kwance, Farenhait (F) a tsaye, miƙaƙƙen layi za ki samu, irin y = mx + c ɗin nan naku na aji. Mu rubuta shi F = mC + k. Ɗigo biyu sun isa a fitar da miƙaƙƙen layi, ga su kuwa a hannunki: (0, 32) da (100, 212).

Fara da m, wato yawan digirin da Farenhait ke hawa in Salsiyos ya hau ɗaya. Daga daskarewa zuwa tafasa Salsiyos ya hau digiri 100, Farenhait kuwa ya hau 212 − 32, wato 180. Raba 180 da 100, kin sami 9/5, ko 1.8. Nan maganin rikicewarki yake. Digirin Farenhait ƙanana ne, sai kusan biyu suke cika ɗaya na Salsiyos, don haka in Farenhait kika nufa, da babbar lambar za ki ninka, wato 9/5.

Shi k ba ya da wuya: sa C = 0, F ya zama 32. Ke nan F = (9/5)C + 32. In komawa za ki yi, fara cire 32 tukuna sannan ki ninka: C = (5/9)(F − 32).

Gwada da zafin jikin mai lafiya, 37: 37 × 1.8 + 32 = 98.6. Zafin watan Afrilu a Daura da Katsina, da ke kai 40, shi ne 104.

Ga tarkon da ɗalibai suka fi faɗawa. In aka ce zafi ya ƙaru da digiri 10 na Salsiyos, ƙarin a Farenhait 18 ne, ba 50 ba. Bambanci ake tambaya, 32 ba ta da hurumi a ciki.

Af, tafasa a 100 ɗin nan a daidai doron teku ne. Katsina da ke kan tudun kusan mita 500, tukunya na tafasa a wajen 98, amma wannan bai taɓa fomular ba. Shi kansa Anders Celsius, ɗan ƙasar Suwidin, a 1742 a juye ya tsara nasa ma'aunin: 0 tafasa, 100 daskarewa, daga baya aka miƙar da shi. Na Daniel Fahrenheit ya riga shi fitowa, tun 1724.

Aikin gida: a wane digiri ma'aunan biyu suke nuna lamba ɗaya? Sa F = C ki warware. In kin sami −40, kin yi daidai.