Kiɗanmu na rok ya koma hayaniya, yaya za mu yi?

Ɗan'uwa, ka ce kuna haɗuwa duk mako kuna kaɗa tsofaffin waƙoƙin rok na shekarun 1960 da 1970, amma ba mai jin wani.

Yawanci ƙarar sauti ce matsalar. Mai ganga ya saki hannu, mai jita ya ƙara wa amfilifaya wuta, mawaƙi kuma ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe. Ku auna komai da muryarsa: in ba a jin kalmominsa, kowa ya rage. Ku ɗora amfilifayar jita kan kujera ta fuskanci kunnen mai ita, domin in tana ƙasa, ƙafafunsa sautin yake bugawa, shi ya sa yake ta ƙarawa.

Ku tsayar da waƙoƙi uku tun kafin ranar, kowa ya koya a gida. Ku saita jitoci duka kan ma'auni ɗaya, wato lamba 440 a na'urar saita sautin jita, mai jitar bas (mai kaurin sauti) kuma ya riƙa bin gangar da mai ganga ke bugawa da ƙafa.

Kunne fa ba a wasa da shi. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti tana lalata ji in an daɗe cikinta. Ku sa abin toshe kunne, wanda kuma kunnensa ya kwana yana ƙara, ya ga likitan kunne.