Hukuma ta ɗauke 'ya'yan ƙanwata a New York: in je in karɓi riƙonsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Bronx, birnin New York. Mijin ƙanwata ya rasu, ita kuma tana kwance a asibiti da lalurar taɓin hankali. Hukumar kula da yara ta ɗauke 'ya'yanta biyu, mace mai shekara 9 da namiji mai shekara 4, ta kai su gidan wasu da ba Musulmi ba. An aiko mini takarda ko zan riƙe su. Wasu na cewa shiga wannan tsari tabanni ne, wato mayar da ɗan wani naka, kuɗin da gwamnati ke biya kuma haram. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mamacin, ya ba ƙanwarki lafiya.

'Yar'uwa, ki je ki karɓe su, kuma ki yi sauri. Riƙon yaron da ya rasa mai kula da shi farilla ce a kan jama'a, idan kuwa babu wanda zai iya sai ke, ta hau kanki. A mazhabar Malikiyya haƙƙin reno na uwa ne, sai kaka ta wajen uwa, sai inna, wato ke. Lokacin da Ali da Zaidu da Ja'afar suka yi jayayya kan 'yar Hamza a shekara ta 7 bayan hijira, Annabi (SAW) ya miƙa ta gidan Ja'afar saboda innarta ce matarsa, ya ce inna tana matsayin uwa. Buhari ya ruwaito.

Na ce ki yi sauri ne saboda yadda dokar ƙasar take. Takardar nan haƙƙinki ce: dokar tarayya ta 2008 ta wajabta wa kowace jiha ta nemo dangi ta sanar da su cikin kwana 30 da ɗauke yaro. Jihohi suna fifita dangi, amma alƙali maslahar yaro yake dubawa, kuma duk watan da suka ƙara a wancan gida, suka saba da mutanensa, hujjarki raguwa take. Ga kuma dokar 1997: idan yaro ya yi wata 15 cikin 22 a hannun hukuma, jiha za ta nemi kotu ta soke haƙƙin iyayensa, sai dai in akwai togaciya, kuma kasancewarsa a hannun dangi na cikin togaciyar. Kin ga karɓarki tana iya tsare wa ƙanwarki 'ya'yanta har ta warke.

Masu cewa tabanni ne sun yi gaggawa. Abin da Suratul Ahzab, aya ta 4 da ta 5, ta hana shi ne a cire wa yaro nasabarsa a jingina shi ga wanda bai haife shi ba. Riƙo bai taɓa suna ko gado ba. Idan ciwon ya daɗe aka zo maganar dindindin, ki nemi a naɗa ki mai kula da su a shari'ance, ki guji hanyar da ake sake takardar haihuwa a rubuta ke ce uwa. A New York akwai shirin KinGAP da ke tallafa wa dangi a wannan matsayi bayan yaro ya yi wata 6 a gidansu. Ki zauna da lauya kafin ki sa hannu a kowace takarda.

Kuɗin halal ne. Malik ya ruwaito cewa Umar ya ce wa mutumin da ya tsinci jariri ya tafi da shi, ciyarwarsa tana kan baitulmali. Sai dai amana ce ta yaran, ba jarin kasuwa ko kuɗin aikawa gida ba.

Ma'aikaciyar hukumar za ta zo ta duba gadajen kwana, ta ƙirga mazauna gidan, a ɗauki zanen yatsun kowane baligi. Kada ki ɓoye kowa. Ƙarya haramun ce, kuma ranar da ta fito ana iya kwashe yaran.

Ki nemi yardar maigidanki tun yanzu, domin ɗawainiyar za ta shafe shi. Yaron muharraminki ne, amma yarinyar ba muharramar mijinki ba ce, kuma su da 'ya'yanki 'yan'uwa ne da aure ke halatta a tsakaninsu. Don haka a raba makwanci, a kiyaye sutura da keɓewa idan suka balaga.

Allah ne mafi sani.