Na rubuta wa ɗan aikena na AI kada ya wuce sidi 500, ya wuce. Ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina unguwar Aboabo a Kumasi, ƙasar Ghana. Na haɗa wa kawuna ɗan aike na AI a WhatsApp, yana amsa wa masu sayen shinkafa da mai a shagonsa. Kayan aiki uku na ba shi: duba kaya, karɓar oda, da mayar da kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta wayar hannu. A bayanin na ukun na rubuta ƙarara cewa kada ya mayar da abin da ya haura sidi 500 sai da izinin Kawu. Makon jiya ya tura wa wani sidi 1,200. Yanzu kunyar haɗa ido da Kawu nake. Ta yaya zan gane bayanin da na rubuta mai kyau ne ko marar kyau?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, je ka cire masa kayan mayar da kuɗin nan yau, sannan ka dawo mu yi magana.

Ɗan aikenka bai taɓa ganin kod ɗinka ba, wato rubutun manhajar da ke aiwatar da aikin. Abu uku kawai ake miƙa masa: sunan kayan aikin, bayaninsa, da tsarin abubuwan da zai cike, wanda ake rubutawa da JSON Schema. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI ya fito da kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, kuma MCP, tsarin haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, a kan wannan turbar yake. To awon farko na ingancin bayaninka mai sauƙi ne. Ka ɗauki bayanin ka ba yaron shago sabon zuwa, kada ka ƙara masa ko kalma ɗaya. Idan ya tambaye ka "adadin nan, sidi ne ko pesewa?", bayaninka ya faɗi, domin hanyoyin biyan kuɗi da yawa da pesewa suke lissafi, wato ƙananan kuɗin da ɗari ke yin sidi ɗaya. Lambar waya fa, da 0 za ta fara ko da 233? Ga kuma namu na gida: tun 2007 aka sauya kuɗi, amma har gobe tsohuwa a kasuwar Kejetia za ta ce maka "miliyan biyu" tana nufin sidi 200. In ba ka rubuta masa wannan ba, a ina zai sani?

Amma ba wannan ne ya ci kuɗin Kawu ba. Abin da ya ci su shi ne kuskuren da nake gani kusan kullum, har bakina ya gaji. Mutane sun ɗauka bayanin kayan aiki kwaɗo ne. Sai mutum ya rubuta "kada ka yi kaza" da manyan baƙaƙe, ya kwanta barci yana ganin ya kulle ƙofa. Takarda kawai ka manna a jikin ƙofar, ƙanena, ƙofar kuwa a buɗe take. Bayaninka rubutu ne, saƙon mai saye shi ma rubutu ne, kuma wuri guda suke zuba a gaban ɗan aiken. Ka buɗe hirar ranar ka karanta. Ba zan yi mamaki ba in ka tarar mutumin ya rubuta "Alhaji ya ce a ba ni". Kai ka ce sai da izini, shi ya ce an ba da izini, ɗan aiken kuma ba shi da hanyar buga wa Kawu waya. Me kake so ya yi?

Iyakar sidi 500 a cikin kod ya kamata ta zauna. Adadi ya haura, kod ya ƙi, ya tura wa Kawu saƙo, kuɗi ba su motsa ba sai ya danna amincewa da yatsansa. Kod ɗin ya kuma duba cewa lambar odar gaskiya ce, kuɗin da za a mayar bai fi wanda aka biya ba. Aikin bayanin shi ne ya sanar da ɗan aiken cewa iyakar tana nan, don kada ya yi wa mai saye alkawarin banza.

Masu tallan "asirin umarni" a zaurukan WhatsApp, waɗanda ke karɓar kuɗin yara su ba su jimlar da wai ba ta karyuwa, Allah ya shirye su. Laya suke sayarwa. Dukiyar mutane amana ce, ba a rataya ta a wuyan jimla.

Batun awo kuma, daina karanta bayanin kana jinjina kai. Tattaro saƙonni na gaske kamar talatin daga wayar shagon, da Hausarsu da Twi da Turancin kasuwa, ka rubuta abin da ya kamata ya faru da kowanne. Ka gwada su a asusun gwaji, kowane saƙo sau da yawa, domin amsarsa kan sauya. Ka sa na 'yan damfara guda biyar a ciki. Duk lokacin da ka taɓa kalma ɗaya a bayanin, ka sake gwada su duka.

Sidi 1,200 ɗin kuma, ka je da kanka ka faɗa wa Kawu yadda aka yi, ka nuna masa hirar a wayarka.